FARFAƊIYA DA ƘANANAN ƘOFOFIN DA KE CIKIN KANMU

Jama'ar Safo da kewaye, yau za mu yi bayani a kan farfaɗiya, wadda a bakinmu na Maraɗi muke ce wa hwarhwaɗiya. Da wuya a samu ƙauyen da babu mai ita, amma ciwo ne da ba a son ambatonsa. Yaro ya faɗi sau biyu a aji, sai a cire shi daga makaranta. Budurwa ta faɗi a bakin rijiya, sai manemanta su janye. Wani ma har kwano da tabarma ake ware masa, wai kada yawunsa ya taɓa mutane.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya. Ta ce cikin mutum 10 masu ita, har 7 za su iya daina faɗuwa idan suka samu magani daidai. Sai dai a ƙasashe matalauta, 3 cikin 4 ba su samun maganin. Ba tsadarsa kaɗai ke jawo haka ba. Da yawa ba a taɓa kai su likita ba, domin iyalinsu ba su ɗauka ciwon likita ne ba.

To, mene ne ke faruwa cikin kan mutum a lokacin da ya faɗi? Masu bincike sun daɗe da gano amsa. Manomin rani zai fi kowa saurin gane ta.

Mu fara daga garka

Mu dubi gandun noman rani na Jiratawa, maƙwabtanmu. Injin lantarki yana jawo ruwa daga rijiya mai zurfi, ya zuba cikin hanyar ruwa. Manomi ya buɗe bakin fangalinsa, ruwa ya shiga. Da ya cika, sai ya toshe, ya buɗe na gaba. Kowane manomi ya san buɗewa ba ta da wuya. Toshewa a kan kari ita ce aikin. In aka bar baki a buɗe, ruwa ya ci kunya, ya kwashe iri, ya faɗa gonar maƙwabci.

Ƙwaƙwalwar mutum ma da irin wannan tsari take aiki. An gina ta da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Yawansu ya kai wajen biliyan 86. Da mutum zai zauna yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya yi fiye da shekara 2,700 bai gama ba. Kowace ƙwaya tana da dogon zare da take aika saƙo da shi. Waɗannan zaruruwa su ne jijiyoyin saƙo, ba jijiyoyin jini ba. Da su muke gani, muke ji, muke ɗaga hauya, muke tuna harafin da muka koya jiya.

Saƙon nan wutar lantarki ce ƴar ƙarama. Ƙarfinta bai kai kashi 1 cikin 10 na batir ɗin tocila guda ba. Amma a wasu jijiyoyin tana gudun mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa kafin ka ce wayyo, ka riga ka ɗage ƙafa daga kan ƙaya.

Daga ina wannan wuta take fitowa? Daga gishiri. Ruwan jikinmu yana da gishiri iri-iri narke a ciki. Akwai sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya da kanwa. Akwai fotasiyam, wanda ke cikin ruwan toka, da wake, da ganyaye. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani, kamar darnin gida. A jikin tantanin akwai famfo, mai aiki dare da rana. Duk juyi ɗaya yana fitar da sodiyam 3 waje, ya shigo da fotasiyam 2 ciki. Ta haka sodiyam ke taruwa a waje, kamar ruwan da aka tare yana jiran a buɗe masa. Wannan aiki yana cin abinci ƙwarai. Kashi 1 cikin 5 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, ƙwaƙwalwa ce ke cinye shi, kuma famfunan nan suna da babban rabo a ciki.

Ban da famfo, tantanin yana da ƙofofi. Kowace ƙofa da wanda take bari ya wuce. Ƙofar sodiyam daban, ta fotasiyam daban. Idan saƙo ya iso, ƙofar sodiyam ta buɗe, sodiyam ya kwararo ciki. Shigarsa ita ce tartsatsin wutar. Ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Cikin kashi 1 na 1,000 na daƙiƙa ta rufe kanta. Nan take ƙofar fotasiyam ta buɗe, fotasiyam ya fita, ƙwaya ta huce, ta koma jiran saƙo na gaba. Fangali ya sha ruwa, an toshe.

Akwai kuma wata ƙofa ta uku da ya kamata mu sani. Ita ce ƙofar kulorid, ɗaya rabin gishirin miya. Idan ta buɗe, ƙwaya takan lafa, ta ƙi tashi ko an zuga ta. Ita ce birki. Cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da aikinsu ke nan, su riƙa buɗe wa maƙwabtansu wannan ƙofa, kamar dattawan da ke tsawatarwa a wurin taro.

Wa ya ga waɗannan ƙofofi?

Mai karatu yana da damar ya tambaya, tun da mun ce ido ba ya ganinsu. A shekarar 1952, wasu masana biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka bayyana yadda sodiyam da fotasiyam ke haifar da wutar jijiya. Sun yi aikin ne da jijiyar wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, domin jijiyarta tana da kaurin da za a iya zura mata siririyar waya. A 1976, wasu biyu a Jamus, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka auna wutar da ke bi ta ƙofa guda ɗaya tak, suka ga buɗewarta da rufewarta. A 1998, Roderick MacKinnon na Amurka ya fito da siffar ƙofar fotasiyam. Dukansu sun samu babbar kyautar Nobel. Ashe ba zato ba ne, abu ne da aka auna.

Yadda faɗuwa ke zuwa

A ƙwaƙwalwa mai lafiya, kowane rukuni na ƙwayoyi yana sha'aninsa, kamar kasuwa ranar cinta. Hayaniya ce, amma kowa ya san abin da yake faɗi. Idan ƙofar sodiyam ta cika saurin buɗewa, ko ta yi jinkirin rufewa, ƙwaya takan yi ta tartsatsi ba tsayawa. Haka ma idan ƙofar fotasiyam ta ƙi buɗewa, ko birki ya yi rauni. Ƙwaya ɗaya ta tada maƙwabciyarta, ita ma ta tada ta gaba. Kafin ƙiftawar ido dubbai sun ɗauki kururuwa ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan ita ce faɗuwa.

Abin da ake gani a jiki ya danganta da inda wutar ta tashi da inda ta kai. In ta tsaya a ɓangaren da ke juya hannu, hannu kaɗai zai yi ta fizga, mutum yana ji yana gani. In ta tashi a ɓangaren shinshina, sai ya ji wani wari wanda ba kowa ke ji ba. Wani ya ji tsoro ya taso masa daga ciki ba dalili. A nan ne mutane ke cewa ya ga wani abu. In kuwa wutar ta game ƙwaƙwalwa duka, sai mutum ya yi ƙara, ya sandare, ya faɗi, ya yi ta jijjiga. Ƙarar ba magana ba ce, iska ce ƙirji ya matso. Kumfar baki kuwa yawu ne kawai da ya kasa haɗiyewa. Babu ƙwayar cuta ta farfaɗiya a cikinsa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko fitsari, ko numfashi, ko cin abinci kwano ɗaya. Muna maimaita wannan domin tsoron yawu ya sa an tsaya ana kallon mutum cikin wuta ba a jawo shi ba.

Akwai wata iri da ba a faɗuwa ma. Yaro yana cikin magana sai ya yi tsai, ido a buɗe, daƙiƙa 10, sa'an nan ya ci gaba. Yakan yi haka sau da yawa a wuni. A gida a ce ba ya jin kira, a makaranta a ce daƙiƙi ne. Ita ma farfaɗiya ce, kuma tana jin magani.

Bayan minti ɗaya ko biyu, birki yakan rinjaya, jijjiga ta tsaya. Mutum ya kwanta a gajiye, ko ya yi barci. Ƙwaƙwalwarsa ce ke mayar da kowane gishiri mazauninsa.

Faɗuwa sau ɗaya ba ta zama farfaɗiya. Likita yakan kira ta haka ne idan ta zo aƙalla sau biyu, a ranaku daban, ba tare da zazzaɓi ko guba ko wani dalili na nan take ba. Jijjigar da zafin jiki ke kawo wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5 daban take. Yawancinsu sukan girma su rabu da ita. Duk da haka, yaron da ya yi jijjiga da zazzaɓi a kai shi likita a ranar, domin ba a gida za a bambance ta da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai ko sanƙarau ba.

Me ke ɓata ƙofofin?

Wasu da haka aka haife su. A 1995 aka fara gano farfaɗiyar gado wadda tushenta aibi ne a ƙofa guda, cikin wani babban dangi a Ostareliya. Daga baya aka gano wasu da yawa. Amma kada a ɗauka duk mai farfaɗiya zai haifi mai ita. Mafi yawan ƴaƴansu lafiya lau suke.

A ƙasarmu, abin da ya fi damunmu shi ne tabon da wani ciwo ke bari. Inda ƙwaƙwalwa ta ji rauni ta warke, ƙofofin wurin ba su komawa daidai, kamar bakin fangalin da ruwa ya taɓa ci. Doguwar naƙuda takan hana jariri iska. Sanƙarau yakan bar tabo. Haka zazzaɓin cizon sauro da ya sumar da yaro, haka faɗuwa daga babur ba hular kwano. Wani lokaci sai bayan watanni ko shekaru faɗuwar ke bayyana, an riga an manta da ciwon farko. OMS ta ce kusan kashi 1 cikin 4 na farfaɗiya ana iya kauce masa. Saboda haka awon ciki, da haihuwa a likita, da allurar rigakafi, da gidan sauro, duk rigakafin farfaɗiya ne. Haka ma maganin zazzaɓi da ake raba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 wata-wata da damina. Gundumar Madarunfa tana cikin wuraren da aka fara rabon nan a Nijar a 2013. Uwa ta tabbata yaro ya sha na kwana ukun duka, ba na ranar farko kaɗai ba.

Maganin ƙwari

A nan muke so manoma su saurara da kyau. Ƙwaro ma yana da jijiya, yana da ƙofofi irin namu. Yawancin magungunan feshi ta nan suke kashe shi. Wani yana riƙe ƙofar sodiyam a buɗe. Wani yana toshe ƙofar birki, kamar endosulfan, wanda ƙasashen Sahel suka haramta tun 2007. Piya-piya da danginsa kuwa suna hana a share sinadarin da ke buɗe ƙofa, sai ta yi ta buɗewa. Ku lura da ƙwaron da aka fesa. Yakan kife, ƙafafu sama, yana ta karkarwa. Jijjiga ce yake yi. Abin da ya yi wa ƙwaro haka, idan ya yi yawa a jikin mutum, zai yi masa.

Gubar tana shiga ta baki, ta hanci, har ta fata. Muna ganin samari suna feshi da tsakar rana, ba riga, ba takalmi, iska na maido musu da maganin a fuska. Muna ganin ana zuba piya-piya cikin kwalbar lemo a ajiye a ɗaki, inda yaro zai ɗauka. Muna ganin ana wanke galan ɗin magani a zuba ruwan sha. Wannan ganganci ne. Wanda maganin ƙwari ya taɓa, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai. A kai shi likita tare da kwalbar, domin a san irin gubar. Ga ajiyar wake kuwa, buhu mai ninki uku, wanda masu binciken INRAN na Maraɗi suka yi aiki a kansa, yana kashe ƙwari ta hana su iska, ba a bukatar ko ɗigon magani.

Kada wannan ya sa a ji tsoron gidan sauro mai magani. Abin da ke jikinsa kaɗan ne ƙwarai, an auna shi daidai sauro.

Sai kuma taramol, da wasu ke sha wai don ƙarfin noma ko kabu-kabu. Yana sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa saurin tashi. Yakan kada saurayin da bai taɓa faɗuwa ba.

Yadda magani ke aiki

Maganin farfaɗiya ba sabo ba ne. Tun 1912 wani likitan Jamus, Alfred Hauptmann, ya lura fenobarbital yana rage faɗuwa. Shi ne muka sani da sunan Gardénal. Yana sa ƙofar birki ta daɗe a buɗe. Har yau yana cikin mafi araha. Tégrétol kuwa ƙofar sodiyam yake kamawa, ya hana ta sake buɗewa da gaggawa. Akwai Dépakine, akwai wasu.

Ga abin da ya kamata kowane gida ya riƙe. Magani ba ya sake ƙera ƙofa. Dafe ta yake yi, kamar mai dafe bakin fangali da ƙafa. Muddin yana cikin jini, ƙofa na nan daidai. Ranar da ya ƙare, an ɗage ƙafa. Saboda haka kullum ake shansa, a lokaci guda, ko an yi wata shida ba a faɗi ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga sauƙi a daina. Dainawa farat ɗaya takan kawo faɗuwar da ta fi ta da muni, har ta kai ga rai. Wanda ya yi shekara biyu ko fiye bai faɗi ba, likita na iya duba ko za a rage a hankali. Shawararsa ce, ba ta gida ba. A sayi na gaba tun na hannu bai ƙare ba, musamman kafin damina ta tare hanya. Mai son yin azumi ya tambayi likita yadda zai raba shansa tsakanin sahur da buɗa-baki.

Ba kowane magani ke dacewa da kowace ƙofa ba. Akwai wata farfaɗiyar jarirai da likita Charlotte Dravet ta Faransa ta bayyana a 1978. A cikinta, ƙofar sodiyam ta ƙwayoyi masu tsawatarwa ce ke da rauni. In aka ba irin wannan yaro Tégrétol, sai ciwon ya ƙaru, domin an ƙara danne masu tsawatarwar. Wannan kaɗai ya isa hujjar kada a sayi maganin farfaɗiya a tebur, ko a ara daga maƙwabci.

Mata su lura da abu biyu. Dépakine yana iya cutar da ɗan da ke ciki. Gardénal da Tégrétol kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu. Mace mai farfaɗiya tana aure, tana haihuwa, tana shayarwa. Abin da ake so ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki, kuma kada ta daina magani da kanta. Mai ciki da ba ta da farfaɗiya, in ta kama jijjiga, wannan ciwon hawan jini ne na masu ciki. A garzaya da ita, ko tsakar dare ne.

Ba mu hana kowa addu'a ba. Amma hayaƙi da turare ba su rufe ƙofar sodiyam. Yaro nawa aka yi shekaru ana yawo da shi, an sayar da akuya da tunkiya, alhali likita na nan kusa?

In mutum ya faɗi a gabanka

Kada ka gudu. Ka janye shi daga wuta, ko ruwa, ko hanya. Ka sa masa zane a ƙarƙashin kai. Kada a danne shi. Kada a tura masa cokali ko tsinke a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa, sai dai a karya masa haƙori. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, zai bi ta hanyar numfashi. Kada a kara ƙafarsa a wuta. Da jijjiga ta lafa, a juya shi a kan haƙarƙarinsa, yawu ya zuba. A zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, a kore masu kallo. In jijjiga ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, birki ya kasa ke nan. A kai shi likita nan da nan, akwai allurar da ke buɗe ƙofar birki.

Mai farfaɗiya yana noma, yana kiwo, yana karatu. Abin da zai kiyaye shi ne wurin da faɗuwa za ta zama ajali. Kada ya ja ruwa a rijiya marar murfi shi kaɗai. Kada ya shiga Gulbin Maraɗi ko tafkin Madarunfa ba mai lura da shi. Kada ya hau itace ko ya tuƙa babur sai likita ya yarda. Mace ta yi girki da wani a kusa, a kuma kewaye murhu. Rashin barci yana tada ciwon, don haka kwanan biki da hirar dare a rage.

Matakin farko shi ne likitar CSI ta Safo ko wadda ta fi kusa. In da bukata, su za su tura asibitin gunduma a Madarunfa, ko Maraɗi, ko wurin likitocin ƙwaƙwalwa a Yamai, inda ake auna wutar kai da na'ura. Amma yawanci likita ba ya ganin faɗuwar da idonsa. Da bakin wanda ya gani yake aiki. Don haka a tafi da wanda aka yi a gabansa. Mai wayar ɗaukar hoto ya ɗauka, a nuna wa likita kaɗai. Ku kuma da kuka iya rubutu yanzu, ku ware ƙaramin littafi. Ku rubuta ranar da aka faɗi, da safe ne ko da dare, minti nawa, wane hannu ko ƙafa ya fara, an sha magani ranar ko ba a sha ba. Ku riƙa zuwa da littafin duk ranar karɓar magani.